Na'ura ta ƙirga iccenmu, mu mi muke jira?



Murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, daga teku yake fitowa. Wata ƙaramar halitta ce ke gina shi, kuma irinta ke gina manyan duwatsun da kifaye ke hayayyafa cikinsu. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su yi fari, in zafin ya daɗe su mutu. A 2021 masana sunka kammala taswirar waɗannan duwatsu ta duniya, Allen Coral Atlas. Hotunan tauraron ɗan adam fiye da miliyan 2 anka ba kwamfuta, bayan an koya mata gane murjani daga rairayi. Yanzu in wuri ya fara fari, ana iya hango shi daga sama.

Wani zai ce: "Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu?" To saurara. Da irin wannan dabara, a 2023, masanan NASA da na jami'ar Kopenhagen sunka ƙirga itatuwan busassun ƙasashen Afirka, daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya: kusan miliyar 10, ɗaya bayan ɗaya. Mutane sunka zana icce kusan 90,000 da hannu, na'ura ta koya, ta ƙarasa sauran. Arewa na cikin yankin da anka duba.

Ke nan wani can Turai na iya ganin gawon da ke gonarka a Dallol Mawri, amma mu nan in an tambayi icce nawa anka sare bara a karkararmu, sai kowa ya yi shiru. Wallahi abin kunya ne.

Na san amsar wasu: hoto ba ya riƙe gatari, kuma mata dole su yi girki. Gaskiya ne. Amma ku dubi Maradi da Zinder. Tun shekarun 1980 manoma sunka riƙa barin tohon kututture ya girma cikin gona, har an kiyasta icce miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Manoma sunka yi aikin, hotunan sama sunka zama shaidar da ba a musawa.

Roƙona ga magabatan garuruwanmu da ma'aikatan gandun daji: ku nemo taswirar nan, a buga ta, a karanta ta a fadar maigari da gidan rediyo, da Hausa. Ɗalibanmu da ke jami'ar Dosso su taimaka da fassara. Kowane gari ya san gawo nawa gare shi, wanda ya raya a yaba masa, wanda ya share a tambaye shi dalili.

Gawo na ba gero taki, yana ba bisashe abinci da rani. In ya ƙare, iska za ta kwashe ƙasar gona, sannan matasa su bi hanyar ci-rani.

Ku faɗi abin da kuke gani a garuruwanku. Allah shi ba mu damina mai albarka.