Ku Bar Mana Fuskokinmu Yadda Allah Ya Yi Su

Watan jiya wani yaronmu ɗan ci-rani, mai tura baro a kasuwa, ya fita bai dawo ba. Kwana uku muna zagaya caji ofis da asibitoci da hotonsa a waya. Hoton kuwa na Sallah ne da aka bi da filta, ya fito fari tas, fuska sumul kamar ɓawon ƙwai. Alhali yaron baƙi ne, da tabo a goshi da zane a kunci. Wata nas ta duba ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, ashe yana kwance a ɗakin da take aiki, mota ta buge shi bai san inda kansa yake ba. Sai da abokin kwanansa ya bi gado-gado sannan aka gano shi.

To jama'a, wannan wasa ne? Bari mu faɗi abin da filtar nan take yi, don wasu sun ɗauka wanke hoto take yi ya ƙara fitowa. Hoton waya tarin ɗige-ɗige ne ƙanana, kowane ɗigo da lambobinsa uku, na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Manhajar tana ɗora wani ɗan allo, misali mai gida tara, uku-uku, a kan ɗigo da maƙwabtansa takwas. Sai ta tara lambobinsu, ta raba tara, ta ba na tsakiya sakamakon, ta matsa gaba, har ta share fuskar. Duk ɗigon da ya bambanta da maƙwabtansa sai ya narke a cikinsu. Tabo da zane da tawadar Allah kuwa, ai bambancin ne ya sa ake ganinsu. Daga nan a ɗaga lambobin, baƙi ya koma wankan tarwaɗa. Akwai allon da ke ƙara wa hoto kaifi, amma ba ya dawo da tabon da aka riga aka shafe. Idan an goge na asali, shi ke nan.

Mun san abin da matasa za su ce: "Baba, ado ne kawai, kowa ma yana yi." Ba mu hana kowa ado ba, ku sa shadda, ku murza hula. Amma wanda ke Kano ko Sakkwato cikin danginsa, in ya ɓata unguwa guda ta san fuskarsa. Mu fa? A Diyobu ko Oyigbo ta Fatakwal, a bakin gadar Anacha, a Ogbete ko Gariki ta Inugu, baƙi ne mu. Ranar da tsautsayi ya faɗa, hoton nan shi ne zai yi magana a madadinmu gaban mutanen da ba su san mu ba. Shaidar da ka koya wa ƙarya, ranar shari'a kai za ta kayar.

Ga kuma maganar aure. Aure nawa ake ƙullawa tsakanin nan da gida ta WhatsApp? Ango ya aika hoton da ba shi ba, amarya ta aiko wanda ba ita ba, a haɗu kowa na satar kallon ɗan uwansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya fi ciwo, 'ya'yanmu mata na tasowa suna ganin baƙar fatarsu aibi ce, daga filta sai man bilicin.

Turawan da suka ƙera abin ma sun fara taka masa birki. Tun 2017 Faransa ta wajabta a rubuta sanarwa a kan hoton talla da aka sauya surar jikin mai tallar, Norway ta bi sahu a 2022. Mu ba majalisa muke jira ba.

Masu hoto na unguwa, ku riƙa ba mutum na asali tare da wanda kuka gyara. Iyayen gida masu karɓar yara daga arewa, ranar da yaro ya sauka ku ɗauke shi hoto da rana tsaka, ba filta, ku ajiye. Sarakunan Hausawa da limamai, ku sa baki. Wanda zai aika hoton neman aure kuma, ya aika fuskar da za a kwana a tashi da ita.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya tsare mu a wannan zama na kurmi.