Gidan Yari Ba Ya Raba Yaro da Wiwi

A Kano idan ka ji an ce "sai an kai shi Dawanau", kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Garin nan na Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan titin Katsina, ya haɗa abubuwa biyu: kasuwar da tireloli ke lodin riɗi da wake da zoɓo, da kuma asibitin masu taɓin hankali, inda iyaye ke kai 'ya'yansu idan shaye-shaye ya taɓa musu kai. Mu da ke zaune a nan mun ga duka biyun, mun kuma ga yaran da suka fara daga bakin tirela suka ƙare a gadon asibiti. Saboda haka muna da bakin magana a kan tabar wiwi.

Abin da za ka ji a ƙofar masallaci da teburin mai shayi ɗaya ne: a kama masu sha, a ɗaure su, a ƙara tsananta doka. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma a kan 'ya'yan talakawa yake ƙarewa.

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ba na jayayya da haka. Ban taɓa goyon bayan marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ba lokacin da yake kiran a halatta noman wiwi don magani da fitarwa waje, kuma ba na fatan ganin ranar da gonakin gero da dawa na ƙauyukanmu za su koma gonar ganye. Maganata a kan mai sha ce, da abin da muke yi masa bayan an kama shi.

Tsanani dai mun gwada shi har mun gaji. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta ba da damar yanke wa mai noman wiwi hukuncin kisa, mai sha kuwa shekara 10. A 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi. To me aka samu? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Shekara 52 ke nan bayan dokar kisa. Manomin da ya shekara 52 yana zuba wa gona taki iri ɗaya bai ga yabanya ba, ai ya dace ya sake tunani.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan dako ne a kasuwa. Buhun masara mai kilo 100 yake ɗauka a wuya daga safe zuwa magariba, kuma manyansa a wurin lodi su suka koya masa cewa in ya ja ganye ba zai ji gajiya ba. Mahaifiyarsa, da ta tsinci ƙulli a aljihun wandonsa wajen wanki, ita da kanta ta kai ƙararsa, don shawarar da kowa ya ba ta ke nan. Ya yi watanni a tsare. Ya fito ya rame, idonsa ya bushe, ya san sunan ƙwayoyin da bai taɓa ji ba, ya kuma san lambar masu sayarwa. Ubangidansa na kasuwa ya ƙi mayar da shi, wai tsohon fursuna ne. Ran da na je gaishe ta, tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, da hannuna na kai shi makarantar da ta fi ƙarfina." Yanzu kuɗin maganin asibiti take nema.

Ɗan mai kuɗi ba ya kwana a wannan hanya. Ana yin beli, ko a biya tara, a kai shi asibitin kuɗi a asirce. Ɗan dako shi ke cika gidan yari.

Mutanenmu kan yi tir da ƙasashen da suka halatta, ni ma ban ce mu bi su ba. Amma a dubi ƙa'idojinsu. Kanada ta halatta a Oktoban 2018: sai baligi, kada ya wuce giram 30 a bainar jama'a, wanda kuwa ya ba yaro ƙarami zai iya shan ɗaurin shekara 14. Jamus a Afrilun 2024 ta ce giram 25, ga ɗan shekara 18 zuwa sama, ba a sha kusa da makaranta. Tailan ta saki abin a 2022, da ta ga ɓarna sai ta dawo da shi ƙarƙashin takardar likita a 2025. Mu fa? A takarda mun fi su tsanani, a lungu kuwa yaro ɗan shekara 13 zai miƙa kuɗin tararsa a ba shi naɗi, ba mai tambayar shekarunsa. Haramcin da muke taƙama da shi bai kare wannan yaro da komai ba.

Ƙasar da ya kamata mu duba ita ce Fotugal. Ba ta halatta sayarwa ba, dila yana nan a matsayin mai laifi, amma tun 2001 wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ana tura shi gaban kwamiti mai ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a. Abin da nake nema ke nan: doka ta raba mai sha da mai sayarwa. Ƙarfin hukuma ya koma kan masu gonaki a dazukan Ondo da Edo, da masu ɓoye kaya a cikin lodi zuwa Arewa, da 'yan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya kayan maye duk lokacin zaɓe, waɗanda mun san su, muna kuma gaishe su da girmamawa.

Kuɗin da ake kashewa wajen ciyar da mai ƙulli ɗaya a gidan yari, a juya shi zuwa gadaje da likitoci da magani a Dawanau, da cibiyar gyaran hali ta Kiru. Shugabannin kasuwa su ma akwai nasu: su sa ido a wuraren lodi, su hana manya koya wa yara, su kuma karɓi wanda ya warke ya dawo bakin aiki. Yaron unguwarmu har yanzu yana da ƙarfin ɗaukar buhu, mai ba shi buhun ne babu.