RA'AYI: Karen farauta ma ma'aikaci ne, a ba shi katinsa

Ojoo ita ce ƙofar Ibadan ta arewa. A nan babban titin da ya taso daga Legas ke haɗuwa da hanyar Oyo da Ogbomosho da Ilori, a nan kuma manyan motocin albasa da tumatir da shanu ke yada zango, har wurin ya zama wani Sabo na biyu bayan tsohon Sabon Mokola da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Idan kaka ta wuce aka gama shigar da amfanin gona, cikin masu gangarowa Kudu a kan irin waɗannan motoci akwai wasu fasinjojin da ba a lissafi da su: karnukan farauta, ɗaure da igiya kusa da iyayen gidansu, sun sha rana da ƙura tun daga Kano ko Katsina ko Kebbi. Saniyar da ke cikin mota tana da takardar da ake nunawa a shingen duba dabbobi. Shi kuwa kare, galibi babu mai tambayar lafiyarsa, bindigar mai shi kawai ake tambaya.

Wannan giɓi ne da ya kamata ma'aikatan Abuja su waiwaya, musamman na Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da Shugaba Bola Tinubu ya kafa a 2024, da na Ma'aikatar Lafiya, da hadiman da ke rubuta wa manya takardun shawara. Abin da ake nema ƙarami ne: a yi wa kowane karen farauta allurar rigakafin ciwon hauka sau ɗaya a shekara, kyauta, ta hannun ƙungiyoyin mafarauta, a kuma ba shi kati mai ɗauke da kamanninsa da sunan mai shi da garinsu. Katin zai kare yaron da karen zai iya ciza, zai kuma zama shaida ga mafaraucin da ke ratsa garuruwan da ba a san fuskarsa ba.

Kafin a zo ga kati, ya kamata a san matsayin karen. Zomon dajinmu ba ya haƙa rami. A ƙarƙashin ciyawa yake laɓewa, idan aka tashe shi kuma gudu ne makaminsa. A Ingila, inda zomayensu ke zama cikin ramuka masu rassa, mafarauta na kiwon wata 'yar siririyar dabba mai kama da tunku, wadda suke kira feret. Sai su toshe bakin ramukan da raga, su zura ta ciki ta koro zomo, kare na jira a waje don wanda ya kuɓuce. A nan babu wannan dabara, saboda haka aikin duka a wuyan kare yake: shi ke bin sawu, shi ke tayarwa, shi ke kora har zomo ya gaji ko ya shigo inda kere zai same shi. Haka yake yi wa gada da gyazbi da kurege. Da Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, daga dawa ya ɗauko maganar.

Wanda ya taɓa zama da mafarauta ya san ba sa wasa da karnukansu. Tun yana kwikwiyo ake zaɓar kare, a duba tsawon ƙafa da faɗin ƙirji, a haɗa shi da manya ya koyi bin sawu da jin kiran ƙaho, a hore shi kada ya cinye abin da ya kama. Yana da suna, yana da rabonsa na tuwo da kayan cikin abin da aka kamo, idan ƙaya ta soke shi ko tarkon waya ya yanke shi ana yi masa magani. Sai dai wannan kulawa tana da iyaka. Kaska da ƙuma da tsutsar ciki na cin kare a hankali har ya rame. Karen da ya tashi a busasshiyar ƙasar Arewa, idan aka kawo shi kurmin Kudu, yana haɗuwa da ƙudan tsando mai sa sammore, cutar da ke kashe karnuka kamar yadda take kashe shanu. Kwana biyu a saman mota babu isasshen ruwa kuma kan karya kare tun bai ga daji ba. Duk waɗannan asarar mai kare ce shi kaɗai. Akwai cuta ɗaya da asararta ta kowa ce.

Ciwon haukan kare ba shi da magani da zarar alamominsa sun bayyana. Kusan duk wanda ya kai wannan mataki mutuwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ke wasa da kare, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. Cutar kan ɗauki wata biyu zuwa uku a jiki kafin ta nuna kanta. Wanda aka ciza zai tsira idan ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya kuma garzaya asibiti aka fara yi masa jerin allurai nan take, amma kuɗin waɗannan allurai ya ninka na rigakafin kare sau da yawa, ba kuma a kowane asibitin ƙauye ake samun su ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar kan daina yaɗuwa. A kan haka duniya ta tsayar da shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare, Najeriya kuma na cikin ƙasashen da suka rungumi wannan buri.

Karen gida yana iya ƙare rayuwarsa a unguwa ɗaya. Karen farauta kuwa matafiyi ne. A rani guda zai ratsa jihohi da dama, ya yi faɗa da karnukan kowane ƙauyen da aka sauka, ya yi kokawa da namun dawa, sannan ya koma gida da faɗuwar damina ya kwanta a zauren da yara ke wasa. Cutar da ya ɗauko a dajin Oyo tana iya bayyana a Bunkure, wadda ya ɗauko a gida kuma tana iya bayyana a Moniya. Kuma duk cikin karnukan ƙasar nan babu masu sauƙin tarawa kamar su, domin masu su a tsare suke: akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa, akwai shugaban kowace tawaga da ba a fita sai da izininsa. Likitan dabbobin da zai kwana bakwai yana bin karnukan unguwa gida-gida, a safiya guda zai gama da na tawagar mafarauta idan shugabansu ya buga ganga.

Kayan aikin ma suna nan. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta haura shekara 100 da kafuwa, tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare. Jami'ar Ibadan, mai tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, 'yar tafiya ce kaɗan daga Ojoo. Asibitin dabbobi na Mokola kuwa maƙwabcin Sabo ne. Abin da ya rage shi ne akwatin sanyi na ajiye allura, da ma'aikaci, da ranar da aka sani, kamar mako guda a farkon rani, a tashoshin da mafarauta ke tashi a Arewa da waɗanda suke sauka a Kudu. Ana bikin Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya kowace 28 ga Satumba, a yi jawabi a ɗakin taro a watse. Da rabin wannan hidima za a kai bakin tasha, da ta fi amfani.

Amfani na biyu na katin ya shafi ran mafaraucin kansa. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare motar wasu mafarauta 'yan Jihar Kano da ke komawa gida Sallah daga Jihar Ribas, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Har Kano Gwamna Monday Okpebholo ya je ta'aziyya. A yankin Yarbawa ma, tun da aka ƙaddamar da rundunar Amotekun a Ibadan a Janairun 2020, ana samun lokutan da ake tare motocin 'yan Arewa masu karnuka da bindigogin toka, a miƙa su ga 'yan sanda. Rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, a ƙaramar hukumar Akinyele da Ojoo ke cikinta, ya nuna yadda ƙaramin zargi ke zama gobara. Tsoron da mutanen ƙauyukan Kudu ke ji na gaske ne, an sace masu 'yan uwa a dazuzzukan nan. Takarda ba za ta tsayar da gungun da ya riga ya fusata ba. Amma tawagar da sunanta ke cikin rajista, wadda aka sanar da Sarkin Hausawan gari da shugaban maharban Yarbawa da baturen 'yan sandan yanki zuwanta kafin ta iso, tana da wanda zai tsaya ya ce ya san ta. Kare ba ya bin baƙo, don haka katin da ya haɗa hoton kare da na mai shi shaida ce mai wuyar aro.

Za a ce katin zai zama sabuwar hanyar karɓar na goro a shingaye. Wannan fargaba tana da tushe, maganinta kuwa shi ne katin ya zama kyauta, wanda aka samu ba shi da shi kuma a yi wa karensa allura nan take maimakon tara. Za a ce ɓata-gari ma za su nemi katin. Za su nema, shi ya sa dole ya bi ta hannun shugaban tawaga da mai unguwa, waɗanda za a tuhuma idan sun tsaya wa mugu. Masu kula da gandun daji za su ce farautar taron dangi tana ƙarar da namun dawa, tana kuma jawo ƙonon daji. Gaskiyarsu, kuma katin lafiyar kare ba lasisin shiga Gandun Dajin Tsohuwar Oyo ba ne, ba ya kuma maye gurbin lasisin bindiga. Hasali ma rajistar ce za ta ba hukuma damar sanin wanda za ta kira idan an keta doka.

Saura masu ƙyamar a kashe kuɗin gwamnati a kan kare. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo wa mai ita, hadisi ingantacce ya ware karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare, an kuma ruwaito labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. A mazhabar Malikiyya da mafi yawan Musulmin ƙasar nan ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda addini ya yarje masa ya ajiye dabba, ya kuma ɗora masa nauyin ci da sha da lafiyarta.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaukar dakarun tsaron daji, jihohi da dama kuma sun riga sun jingina da mafarauta wajen bin sawun 'yan bindiga. Wanda ake nema ya shiga daji a madadin hukuma, ya cancanci hukuma ta san shi da abokin aikinsa. Wa'adin 2030 ya ƙarato, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Jami'in da ke haɗa kasafin ma'aikatarsa na baɗi yana iya farawa da layi ɗaya: allura da kati ga karnukan farauta, gwaji na farko a Ojoo da tashoshin Kano da ake tasowa, kafin rani mai zuwa.