Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk matafiyin da ya tashi daga Damagaram ya nufi Tanut, in ya yi kamar kilomita 50, zai hango dogayen bututu da harshen wuta yana ci dare da rana. Nan ce matatar mai ta SORAZ, a yankin Bakin Birji, cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanut. Shugaba Mamadu Tanja ya aza tubalinta a shekarar 2008, aka buɗe ta ran 28 ga watan Nuwamba 2011, zamanin shugaba Mahamadu Isufu. An gina ta don ta tace ganga 20.000 a kowace rana, ɗanyen man kuwa daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya zuba kashi 60 cikin ɗari na jarin, gwamnatin Nijar kashi 40.

Damargu ƙasar gero ce da dabbobi. Amma dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san noma da kiwo kaɗai ba su ɗaukar nauyin gida kowace shekara. Shi ya sa samarin Tanut, da Gangara, da Tarka, da Belbeji suke ɗaga ido wajen matatar da sauran manyan ma'aikatu. Neman ya halatta, ƙasar iyayensu ce. Abin dubawa shi ne yadda ake neman.

Maganar da ta fi yawo a majalisun samari ita ce wai ba a samun babban aiki sai da sanayya. Wannan magana guba ce, don wanda ya gaskata ta ya daina shiri, wanda ya daina shiri kuwa ya kā da kansa tun ba a kai ga kokawa ba. Ko da wani ya buɗa wa yaro ƙofa, ranar da ya zauna gaban masu tambaya, kawu ba ya amsawa a madadinsa. Wurin da ake aiki da wuta da iskar gas ba ya jure wa wanda bai iya ba, kuskuren mutum ɗaya yana iya cin rayuka.

Shiri na farko takardu ne. A tanadi takardar haifuwa, ko hukuncin kotu da ke tsayawa a madadinta, da takardar zama ɗan ƙasa, da kofen shaidar karatu wanda hukuma ta buga wa hatimi, da takardar shaidar rashin laifi, wadda ba ta aiki bayan wata uku. A kuma yi rajista a hukumar ANPE mai kula da samar da aiki, a karɓi katinta. Saurayin Belbeji da ya bari sai an yi shela sannan ya fara bin ofisoshi, wa'adi zai cika yana bisa hanya. Akwai kuma wani aibi da ya yawaita a karkara: suna ko shekarar haifuwa su saɓa tsakanin takarda da takarda. Wannan gyara ne na watanni, tun yau ya kamata a soma shi.

Na biyu, sanin gidan da ake nema a shiga. Abin kunya ne a tambayi ɗan Damargu me ake yi a matatar da ke bayan gonar ubansa ya yi shiru. Ya dace ya san cewa ana dafa ɗanyen mai a tanda, tururinsa ya hau doguwar hasumiya, mai sauƙi ya tashi sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa, ta haka ake raba gas da fetur da gazuwal. Ya san amfanin hular kwano da takalmin kariya, da dalilin da ya sa ba a shiga da ashana ko taba. Mai neman tuƙi, ko gadi, ko walda, ko aikin lantarki, shi ma ya san abin da gurbin ke bukata, ya iya faɗin inda ya koya da abin da hannunsa ya taɓa yi.

Na uku, harshe da ladabi. Tarbiyyar gida ta koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin ganawa ana iya ɗaukarta a matsayin tsoro ko rashin sani. Ladabin wannan wuri shi ne a iso kafin lokaci, da tufa mai tsabta, a gaisa, a zauna in an ba da izini, a saurari tambaya har ƙarshenta, a amsa da murya mai fita. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, saboda haka mai neman aiki ya gwada bayanin kansa da Faransanci gaban malami ko wani tsohon ma'aikaci, sau da yawa, har bakinsa ya saba. In an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba amma a shirye yake ya koya. Mai tambaya ya fi yafe rashin sani a kan ƙarya.

Sai dai ba a ɗora wa samari kaya duka. Dokar aiki ta 2012 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata saboda jinsi, ko addini, ko asali, wannan kariya kuwa ta haɗa da ƴan mata, waɗanda iyaye ya kamata su bari su nema. Haƙƙi ne a kan kowane babban kamfani ya bayyana gurabensa a fili, a manna su a ofisoshin magadan gari, a karanta su a gidajen rediyon karkara da Hausa, da Tamashek, da Fulatanci, da Barbarci, da wa'adin da zai ishi na nesa. Magadan gari kuma su roƙi ƴan yankin da suka riga suka shiga aiki, da malaman jami'ar Damagaram, su riƙa zama da ƙannensu lokacin hutu suna gwada musu yadda ake ganawa. Wannan ba ya cin kuɗi, ɗakin lakwal ɗaya da benci sun isa.

Manomin Damargu ba ya jiran ruwan fari ya sauka sannan ya nemi iri, tun da rani yake gyaran gona. Saurayin da ya ɗauki wannan hali, ko bai dace a karon farko ba, takardunsa na hannu, bakinsa ya buɗe, ya san inda ya yi tuntuɓe. Ranar da aka sake yin shela, shi ne zai fara isa bakin ƙofa.