Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Yankin Mafara: A Auna Kafin a Haƙa

Duk wanda ya lura da sunayen garuruwan ƙasar Talata Mafara, irin su Ruwan Gizo da Ruwan Bore, zai gane cewa ruwa ne ya zaunar da mutanen dā a inda suka zauna. To amma ruwan da ido ke gani a nan ba ya daɗewa. Damina wata huɗu ce ko biyar, daga nan rafuka su ƙafe, a koma dogaro da abin da ƙasa ta ɓoye. Abin takaici shi ne, kullum ana ƙara haƙa rijiyoyin burtsatse a Mafara da Bakura da Maradun, alhali ba kasafai ake tambayar daga ina ruwan yake zuwa ba, balle yawan abin da ya rage.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani kogi da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, wanda duk inda aka haƙa da zurfi za a tarar da shi. Ba haka abin yake ba. Ruwan sama ne ke tsuma a hankali, ya cika ƙananan kafofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa, ko tsagar duwatsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Irin wannan shimfiɗar ƙasa mai riƙe ruwa ana iya kiranta rumbun ruwa. Shi kuwa rumbu, in ana ɗiba fiye da abin da ake zubawa, wata rana sai a ga gindinsa.

Wannan yanki yana kan iyakar ƙasa iri biyu. Ta gabas da kudu, wajen Maradun zuwa Gusau, tsohon dutse ne mai tauri a ƙasa, wanda ba ya riƙe ruwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa a can rijiya biyu za su yi kusa da juna, ɗaya ta ba da ruwa, ɗaya ta tashi a banza. Ta arewa maso yamma kuwa, wajen Bakura zuwa Sakkwato, yashi da tsakuwa da yumɓu ne suka kwanta hawa-hawa a kan dutsen. Hawan da ke can ƙasa masana suna kiransa da sunan Gundumi, kuma a gefensa na gabas ne yake fitowa fili yana shan ruwan damina. Wannan shimfiɗa wani ɓangare ne na babban kwarin Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar har Mali. Ashe ruwan da ya tsuma a gonakin wannan yanki ba na ƙauye ɗaya ba ne, kuma bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Akwai kuma rumbu na uku, wato yashin fadamar Gulbin Sakkwato, wanda ambaliyar damina ke cikawa. A nan ne tarihi ya ba da darasi. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori, mai ɗaukar ruwa kimanin mita murabba'i mai zurfi miliyan 450, domin noman rani. Ta kawo shinkafa da alkama a filayen da take shayarwa, amma binciken masani W. M. Adams, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa ambaliya ta ragu a fadamun da ke ƙasa da ita, har manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. Fadamar da ba ta sha ambaliya ba kuwa, yashinta ba ya cika yadda ya saba. Daga baya, cikin shekarun 1990, shirin Fadama ya yawaita ƙananan rijiyoyi da injunan ban-ruwa. Wato bakunan da ke sha sun ƙaru, abin da ke shiga ya sauya.

Ba a ce ba a taɓa bincike ba. A 1973 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta buga rahoton Anderson da Ogilbee a kan rumbunan ruwa na kwarin Sakkwato, kuma har yau masana suna komawa gare shi. Sai dai fiye da shekara 50 ke nan, an ga farin 1984, jama'a ta ninka, garuruwa sun faɗaɗa. Auna ruwan ƙasa ba aikin sau ɗaya ba ne, domin hawa da saukarsa sai an bi su shekara da shekaru kafin a fahimce su.

Wani zai ce mai jin ƙishirwa ruwa yake nema, ba rahoto ba, ga kuma rashin tsaro da ya hana masu bincike shiga ƙauyuka da yawa. Maganar tana da nauyi. Amma kuɗin burtsatse ɗaya da ta tashi babu ruwa sun isa a bincika wurare da dama da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa ta nuna inda danshi yake. Sa'annan ba yawan ruwa kaɗai ake aunawa ba, har da tsabtarsa. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010 ta isa gargaɗi a kan wanke ƙasar zinariya kusa da inda jama'a ke ɗibar ruwa. Haka nan masai ya kamata ya nisanci rijiya da kamar mita 30.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta tilasta wa duk mai haƙa burtsatse ya rubuta zurfin da ya kai, da irin ƙasar da ya ratsa, da yawan ruwan da ya samu, a adana a wuri guda. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara su ne suka dace su haɗa waɗannan bayanai su fitar da taswira.

Inda baƙo ba ya iya zuwa kuwa, ɗan gari yana nan. Malamin kimiyya da ɗalibansa suna iya zaɓar rijiya ɗaya, su sa alama a bakinta, su riƙa zura igiya mai ɗan ƙarfe a ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ɗiba, su rubuta nisan ruwan daga alamar. Su kuma riƙa auna ruwan sama. In makarantu ashirin daga Ruwan Gizo zuwa Bakura suka dage da haka shekara biyar, za a san ko rumbun yana cika kowace damina ko kuwa yana ja baya. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Ƙasa ta daɗe tana bayarwa, kada rashin igiya da littafin rubutu ya zama gugan.