Baƙon da Aka Ɗaure wa Hannu

Duk wanda ya tashi a zango ya san yadda kakanninmu suke karɓar baƙo. Fatake za su sauka a Salaga ko Kumasi, maigida ya ba su masauki, ya ajiye musu kaya, kashegari ya raka su kasuwa ya haɗa su da masu saye. Sun fahimci cewa mutuncin baƙo yana cikin abin da hannunsa ya nema. Wannan tsohuwar al'ada ce take faɗo mini a rai idan na dubi halin da masu neman mafaka suke ciki a Amurka, inda 'ya'yan zango da dama suka nufa a 'yan shekarun nan.

A can, wanda ya shigar da takardar neman mafaka ba shi da ikon yin aiki nan take. Tun daga gyaran da aka yi a 1995, sai ya jira kwana 150 kafin ya nemi izinin aiki, kuma ba za a ba shi ba sai kwana 180 sun cika. Idan ya roƙi a ɗage zaman shari'arsa, ko da don ya sami lauya ne, ana iya tsayar da ƙidayar kwanakin. Bayan wannan kuma sai jinkirin ofis. Ƙa'ida ta ce hukumar USCIS ta amsa buƙatar farko cikin kwana 30, amma saɓa wa'adin ya yi yawa har wata kotun tarayya a Siyatil ta tilasta mata kiyaye shi a 2018. A 2020 gwamnati ta mayar da jiran ya zama kwana 365, sai a Fabrairun 2022 kotu ta soke wannan tsari.

Masu goyon bayan jiran suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ce idan aka ba da izini tun ranar farko, wasu za su ƙirƙiri labarin tsanantawa don kawai su sami aiki. Akwai masu yin haka. Amma maganinsu shi ne a gaggauta yanke hukunci, mai gaskiya ya zauna, maƙaryaci ya koma. Hana kowa aiki saboda laifin wasu zalunci ne, musamman da yake shari'ar mafaka takan ɗauki shekaru.

Ciki kuwa ba ya jiran takarda. Wanda aka hana aiki a fili zai yi shi a ɓoye: wankin kwanuka a bayan gidan abinci, ɗaukar kaya, ko kai saƙo da sunan wani. Idan aka danne masa haƙƙi ba ya iya kai ƙara, don yana tsoron ɓata shari'arsa. Hukuma ma asara take yi. A 2023 magajin garin Niyok, Eric Adams, ya yi ta roƙon gwamnatin tarayya ta hanzarta ba da izinin, saboda birnin yana ciyar da dubban mutanen da suke da ƙarfin ciyar da kansu.

Wata ƙasar ta taɓa fuskantar irin wannan tambaya. A 2017 kotun ƙolin Ayalan ta duba ƙarar wani ɗan ƙasar Bama da ya shafe shekara takwas yana jira ba aiki, ta yanke cewa haramci marar iyaka ya saɓa wa tsarin mulki, domin aiki yana da alaƙa da mutuncin ɗan Adam. Bahaushe ya riga ya faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sauran magana tamu ce, mu da muke gida. Idan ɗanka ko ƙanenka ya isa can, wata shida ko shekara ta wuce bai aiko da ko sisi ba, kada ka yi saurin cewa ya manta da mahaifa. Mai yiwuwa yana kwana a masaukin gwamnati yana ƙidaya kwanaki. Matsin da muke yi masa ta waya shi ne yake tura shi aikin ɓoye da zai iya jawo masa matsala. Wanda kuma yake shirin sayar da fili ko shago don ya kama hanya, ya sa wannan jira cikin lissafinsa tun kafin ya ɗaure kaya.