Cokulan Azurfa Huɗu na John Wesley

Jama'a, kowace shekara idan azumin Kirista na kwana 40 ya kama, akan ga 'yan Katolika da 'yan Angilikan suna fitowa daga coci ran Laraba da toka a goshi, don tunawa da cewa daga ƙasa aka yi mutum, can kuma za shi koma. A cikin Linjilar Luka, sura ta 12, akwai misalin wani attajiri wanda gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, ashe a daren nan za a karɓi ransa. Wa'azin sananne ne. Wuyar ita ce a ga alamarsa ranar da aka biya albashi.

John Wesley, Baturen Ingila wanda ya kafa tafarkin Metodis, wanda almajiransa suka iso Badagiri a 1842, ya ba da labarin wani saurayi a jami'ar Okasfod, wanda masu rubuta tarihinsa da yawa suka ɗauka shi kansa ne. Da yana samun fam 30 a shekara, sai ya ci 28 ya bayar da 2. Samunsa ya kai 60, ya kai 90, har 120, amma abin da yake kashe wa kansa bai ɗaga daga 28 ba. A shekara ta huɗu fam 92 ya raba wa matalauta. A nan, a ganina, darasin yake. Galibinmu, ko wane addini muke bi, da zarar an ƙara mana albashi sai bukata ta riga kuɗin isa gida.

Kada mai karatu ya zaci malalaci ne mai gudun duniya. Koyarwarsa uku ce: a nema iyakar ƙoƙari ta hanyar halal, a guji almubazzaranci, sa'an nan a bayar. Littattafansa sun kawo kuɗi mai yawa, har a 1776 ma'aikatan haraji suka nemi ya bayyana kayan azurfar da ya mallaka. Ya amsa musu cewa cokali biyu ne a Landan, biyu a Biristol, ba kuwa zai ƙara ba muddin akwai masu yunwa kewaye da shi. Da ya rasu a 1791, yana da shekara 87, wasiyyarsa ta hana shagalin jana'iza. Matalauta shida ya ce su ɗauki gawarsa, a raba musu fam 6.

Amma fa kafin rasuwarsa ya koka ƙwarai. Ƙwazo da tsimin da ya koya wa mabiyansa sun azurta su, sai da yawansu suka riƙe koyarwa biyu na farko gam, suka bar ta uku.